Lauya Hollenbeck da Hayaƙin Hita

Duk faɗin Toledo babu lauya kamar Virgil Hollenbeck, kuma shi ya fara gano haka. Kamfanin inshora ke riƙe da shi, aikinsa ɗaya tak: kada a biya. Sarkin Ƙananan Rubutun takardar inshora ke nan, mai hango layin da ko tururuwa sai ta sa tabarau.

Makaminsa sharaɗin nan ne da ya ce kamfani ba ya biyan ɓarnar gurɓata muhalli. Da shi ya kayar da tsohon fenti, ya kayar da funfuna, har warin soyayyen kifi bai tsira ba.

Ana tsakiyar hunturu sai hita, na'urar ɗumama ɗaki, ta gidan da Misis Lorna Tackett ta ba da haya ta lalace, ta riƙa fitar da iska mai guba, har 'yar ɗan hayan ta kwanta asibiti. Uban yarinyar ya kai ƙara. Tsohuwa ta ruga wajen inshorarta, don in ba su biya ba gidan ne zai tafi, ba ta kuwa da wani. Hollenbeck, mai tausayin bayi, ya ba ta kofi da hankici, ya raka ta har ƙofa, ba ko sisi, sai tsohuwa ta kai kamfanin ƙara.

Ranar shari'a ya zo da sabon kwat da ƙananan lauyoyi, wai su ga yadda ake aiki. Ya buɗe baki da hantsi, azahar ta same shi a tsaye.

"Ranki ya daɗe, hayaƙi ne, tururi ne, iska ce, duk abin da ya fito daga wani abu ya dami wani, gurɓatawa ce. Ni na faɗa, ban kuwa saba kuskure ba."

Alƙaliya Odessa Greenlee ta tambaye shi a hankali ko har da iskar da mutum ke fitarwa daga huhunsa. Ya ce ƙwarai kuwa, ya waiwayi yaransa don su rubuta. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Alƙaliya ta yanke cewa sharaɗin na masana'antu ne masu zuba dagwalo a kogi, ba hitar tsohuwa ba, kamfani ya biya. Misis Tackett ta fashe da kuka.

"Kai kuma Mista Hollenbeck," in ji alƙaliya, "ka gode Allah ban karɓi fassararka ba. Tun safe kake gurɓata min kotu, kuma ka san kamfaninku ba zai biya maka ba."