Ranar da Keke Ya Cinye Mini Babbar Riga

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na tafi ɗaurin aure a kan keke ba, kuma bakina ne ya jawo mini.

Lokacin da man fetur ya yi tsadar da kowa ya ji a jikinsa, majalisarmu ta ƙofar masallaci a Nassarawa GRA ba ta da hira sai tasa. Ni kuwa, da yake aiki ya zagaya da ni ƙasashe, sai na zama malamin kowa. Na ba su labarin wani ƙauye can bayan Agadas inda ake sayar da mai a 'yar kwalba kamar turare. Na ce a Holan na ga manyan ma'aikata da furfurarsu suna zuwa ofis a keke. (Har Faransanci nake ɗan sakawa, don a san na yi yawo.)

"Mu girman kai ne ya hana mu," na ce.

Maƙwabcina Alhaji Sani ya ce, "To Alhaji, ai sai ka fara mu gani."

Na sayo keke. Asabar ɗin nan za a ɗaura auren 'yar marigayi ƙanena a Giginyu, ni ne waliyyi, in ban isa ba babu aure. Direbana Malam Idi, mutumin Jigawa, ya dubi shaddata ya ce, "Ranka ya daɗe, in dole ne, a naɗe rigar a kafaɗa."

"Malam Idi, ni da na hau keke a Turai?" (Ban faɗa masa cewa a lokacin ina matashi ne ba, kuma ba da babbar riga ba.)

Tafiya ta yi daɗi har ƙofar gidan. Da na hango jama'a zaune a tabarmi, sai na ɗaga hannu ina gaisuwa kamar gwamna. Hannun rigar ya zube cikin sarƙar keken. Keke ya tsaya, ni ban tsaya ba.

Aka ja, aka murɗa feda, riga ta ƙi fita. Liman yana da wani ɗaurin auren a gaba. Haka na zauna a tabarma, keke kwance a gefena muna haɗe, na ce na bayar.

Wakilin ango ya ce, "Mun karɓa, Alhaji. Har da keken?"

Ana shafa fatiha sai ga Malam Idi da sufana a hannu. Ashe matata Hajiya ce ta sa ya bi ni a baya da mota, a hankali, tun daga gida. Man da na yi tattali ke nan.

Amma ban ajiye keken ba. Yanzu mu huɗu ne a majalisa muke hawa, har da Alhaji Sani, kuma gwiwata ta daina ƙara. Na zagaya duniya na koyo cewa a hau keke. Yadda ake hawansa da riga kuwa, ashe malamin yana ƙofar gidana, yana wanke mota.