Ranar da Marigayi Baba Ya Ba da Shaida a Plumstead

Na manta abubuwa da yawa a shekarun nan, har da inda nake ajiye tabarau, amma ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na tafi unguwar Plumstead a nan London kama ɓarawo ba.

Bari in fara gaya muku matsayina a ilimi, don kada ku raina shari'ata. Na yi aji huɗu cif a firamare, sannan na yi shekara talatin ina gadin wani ofis a Aldwych, bango ɗaya da jami'a. (Farfesa nawa ne suka wuce ta gabana kowace safiya? Dole wani abu ya shige ni.) Ga shi kuma mahaifina makaɗin garaya ne na mafarauta a ƙasar Zamfara. In dai maganar kunne ce, gadonsa na yi.

Ina da jika, Hauwa. Ni ina kiranta Amarya, ita tana kirana Tsoho. A nan Lewisham aka haife ta. In na yi mata Hausa sai ta amsa da Turanci, in kuwa aike ne sai ta ce ba ta gane ba. Jita take kaɗawa tare da abokanta uku, irin kiɗan nan da suke kira metal. Ranar da na fara jin sa na ɗauka injin wanki ne ya lalace. Amma ni mutum ne mai son sanin abu, sai na zauna na ce ta karantar da ni. Ta ce kowace waƙa tana da rif, wato ɗan guntun kiɗa da ake ta maimaitawa, da an ji shi an san waƙar wane ce.

Na ce, "Amarya, ai wannan take ne. Mahauta suna da nasu, 'yan dambe suna da nasu. Ku dai wutar lantarki kuka ƙara."

Wata rana sai ga ta a flat ɗina, ido jawur. Wai wasu makaɗa irinsu sun ɗora rif ɗinsu da nata a intanet, ɗaya bayan ɗaya, kuma nasu ya riga nata fita. Mutane suna ta kiranta ɓarauniya. Matar da ke shirya wani babban wasa, wanda su Hauwa suka yi wata shida suna jira, ta ce a zo a zauna ranar Asabar. In ba a wanke ta ba, za a yi cancel ɗin su, wato a cire su daga wasan.

Na ce ta kunna mini duka biyun. Na saurara sau uku. A karo na uku, can ƙarƙashin ƙarar, na ji abin da na sani tun ina yaro. Taken Baba ne. Wanda yake kaɗa wa mafarauta in za su shiga daji.

"Ina kika samo wannan?"

"A bakinka, Tsoho. Kullum in kana guga shi kake rerawa."

To, ita an gane hanyarta. Saura Baturen da ya kaɗa ɗaya rif ɗin. Ta yaya taken mafarautan Zamfara ya shiga yatsun ɗan London? Na yi kwana biyu ina juya maganar. Shin kiɗa yana iya faɗo wa mutum biyu a zuciya, kamar yadda mutum biyu kan yi atishawa tare? Ko tsirkiyar jita da ta garaya hanya ɗaya suke bi? Daga ƙarshe na yanke hukunci irin na masu ilimi: Turawan nan da suke yawo ƙauyuka da akwatin ɗaukar magana, su suka kwaso shi.

Kuma ina da shaida. Bayan rasuwar Baba ƙanena ya aiko mini da kaset ɗinsa. Ban taɓa kunna shi ba. Da farko zuciyata ce ta kasa, daga baya rediyo mai kaset ya ɓace daga duniya. Hauwa ta ce mu nemi inda za mu saurara tukuna.

Na ce, "Sai na binciki ubana kafin in yarda da shi? Ke dai ki zuba ido."

Ranar Asabar bayan azahar na saka babbar riga mai aska takwas, muka hau bas. Wurin wani ɗaki ne da aka lulluɓe bangonsa da soso. Ga matar, ga makaɗa cike, kowa cikin baƙaƙen kaya kamar ana makoki. Mai jitar ɗaya ɓangaren, Tom, dogo ne, gashi har gadon baya, rigarsa da zanen ƙoƙon kan mutum. Yana ganina ya miƙe ya ba ni kujera, ya kawo mini shayi. (Na ce a raina, ɓarawo mai ladabi ya fi haɗari. Amma na sha.)

Ba wanda ya ce in yi magana. Na miƙe na yi, da Turancina na bakin ƙofa. Na ce jikata ba ta yi sata ba, gado ta ci. Da na tsaya nan, da yau ba ni da labarin ba ku. Sai na ci gaba. Na ce taken nan Baba bai koya a wurin kowa ba, duk ƙauyenmu an san a gindin tsamiya aljanu suka ba shi. Na nuna Tom da sandata na ce shi da kakanninsa sun kwashe mana gyaɗa da auduga, yanzu sun dawo kan kiɗa. Na ce ya nemi gafara a gaban jama'a. Sannan na ɗaga kaset sama kamar lauya.

Tom ya ce yana da abin kunnawa. (Ashe su ne suka ɓoye rediyoyin duka.)

Aka danna. Shuuu na ɗan lokaci, sai kukan zakara, sai garaya. Taken ne, sak, ba ragi. Wani mai zobe a hanci ya dafe kai. Hauwa ta kama hannuna, ni kuwa hawaye na bin gemuna, ina kallon Tom ina gyaɗa kai irin na "ka ji ko?"

Sai garaya ta tsaya. Baba ya yi gyaran murya.

Na manta da al'adar makaɗanmu. Mai kiɗa na gaskiya ba ya wuce take bai faɗi inda ya samo shi ba.

"Jama'a," in ji Baba, "tunda yau ana ɗaukar magana, bari in faɗi gaskiya kafin in mutu. Ku daina cewa aljanu. Ina saurayi na yi dako a tashar jirgin ƙasa ta Ƙaura Namoda. Akwai wani Bature mai gyaran jirgi, yana da garmaho, faifai ɗaya yake sawa kullum da yamma. Ni kuma ina laɓe bayan taga. Nan na sace shi, na zuba a garaya. Mafarauta suka ce ya yi. Maganar tsamiya kuwa, ni na ƙirƙiro ta don a riƙa ba ni cinyar barewa."

Sai dariyar mutane a cikin kaset. Har da muryar mahaifiyata.

Matar ta juyo ta ce, me yake cewa?

Na ce, "Gaisuwa ce kawai. Mu Hausawa gaisuwarmu tana da tsawo."

Hauwa ta saki hannuna. Yarinyar nan da ba ta taɓa gane "ɗauko mini ruwa" ba, ranar nan Hausarta ta buɗe tar. Ta fassara komai. Garmaho, taga, cinyar barewa, ko wasali ba ta zubar ba. Har tana kwaikwayon gyaran muryar.

Ban san Turawa masu baƙaƙen kaya suna dariya haka ba. Ni dai ina tsaye, sanda a hannu, babbar riga ta yi mini nauyi kamar an jiƙa ta.

Da Tom ya share hawayensa ya ce shi ma gaskiya bai san inda ya samo nasa ba. Kakarsa dai takan yi fito da wani abu mai kama da shi in tana share-share. Matar ta ce abin da ya girmi kowa a ɗakin nan ba za a ce Hauwa ta sace shi daga Tom ba, duka su biyu za su yi wasa. Ta ce saura abu ɗaya: ɗazu wani ya yi maganar neman gafara a gaban jama'a.

Na nema. Tom ya sunkuyo ya rungume ni, gashinsa ya shiga bakina.

A bas Hauwa ta jingina da kafaɗata ta ce, "Na gode, Tsoho. Kai jikan aljanu ne ko ɗan ɓarawo?"

Na ce, "Kakan ɓarauniya dai. Yi mini shiru."

Har yau ba wanda ya gano faifan nan, kuma ina so in san a bakin wa shi ma mai shi ya tsinta. Abin da na koya dai shi ne, in za ka kira shaida, ka fara jin abin da zai faɗa, musamman in tsoho ne da ya riga ya tafi inda ba za ka iya ƙifta masa ido ba.