Zakaran da na kai wa Maman Rifkatu

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da na ɗaura aniyar zama mace mai tsari. Ni dai a danginmu an san hali: ranar Sallah da safe ake ganina a shagon tela ina jira a sa wa rigata hannu. Shekarar nan na ce ya isa haka, kuma na zaɓi in fara gyara halina da Kirsimetin maƙwabciyata, Maman Rifkatu.

Maman Rifkatu 'yar Zuru ce, nas ce a asibiti nan Talata Mafara, katanga ɗaya ta raba gidajenmu. Duk Kirsimeti maigidana take kira ya yi mata yanka don kowa a layin ya ci hankali kwance, sannan kulolin shinkafa su yi ta shiga gidaje. Ni kuwa duk shekara sai in shiga gidanta hannu rabbana, ina "wallahi na so in riƙo miki wani abu." Matar da ta tsaya a kaina lokacin da haihuwar autana ta zo da gardama. Abin yana ci mini rai ƙwarai.

Don haka tun watan Oktoba na shiga kasuwar Talata na sayi jan zakara ɗan matashi, kafin kaji su yi tsada. Dabarata ita ce ya yi kiwo a layi, in Kirsimeti ta matso in kama abina in kai mata. (Har lacca na yi wa malaman makarantar da nake koyarwa kan amfanin shiri da wuri. Ba wanda ya tambaye ni.)

Kajin layinmu ba su san katanga ba, gida-gida suke bi. Shi ya sa kowace mace take yi wa nata alama, wata ta ɗaura zare a fiffike, wata ta shafa shuni a wuya. Ni ban yi ba. Na ce na san zakarana kamar yadda na san 'ya'yana.

Da Disamba ta kama na tafi suna Bakura na ɗan kwana biyu. Ina dawowa na tarar da jan zakara a tsakar gida yana cin dusa, na ce lokacin turka ya yi. Na kulle shi a akurki bayan ɗakin girki, na shiga ba shi gero da ƙanzo da ruwa mai kyau safe da yamma. Ko maigidan bai samu kulawa irin wannan ba a watan.

Ba a jima ba sai ga Maman Rifkatu ta yi sallama. Bayan mun gaisa, an tambayi gida da yara da gajiyar aiki, ta ce, "Maman Nana, ko kin ga zakarana? Ja ne, shi nake aje wa Kirsimeti."

Na shimfiɗa mata tabarma, na jajanta mata sosai. Na ce duniya ta lalace, mutane ba tsoron Allah. Na ce Allah ya tona asirin duk wanda ya ɗauke shi, ta ce amin. Daidai nan zakara ya yi cara daga bayan ɗakin girki. Na yi sauri na ce, "Wannan na maigida ne," na jawo hirar tsadar tumatir, don kada ta gano kyautarta tun kafin ranar. Da la'asar kuma na yafa mayafi na raka ta cigiya gida-gida, ni ce ma a gaba.

Ranar jajibere na ci kwalliya, na rungumi zakara, na shiga gidanta. Tsakar gida cike da matan zumunta na cocinsu, wasu na suyar cincin, wasu na gyaran shinkafa. Maigidana yana gefe yana wanke wuƙa, ya gama yanka akuya. Na gyara murya yadda kowa zai ji, na ce, "Bana dai na shirya da wuri. Ga wannan, ba yawa."

Ta karɓa da hannu biyu tana godiya. Sai godiyar ta fara raguwa. Ta dubi ƙorarsa, ta dubi ƙafarsa, sannan a hankali ta ɗaga fiffikensa na hagu. Ga koren zaren alamarta nan ɗaure, ya ɗan yi datti.

Mai yana ta ƙara a kasko. Wata dattijuwa da ke juya cincin ta leƙo, ta ce, "To, ya dawo." Ta ci gaba da suyarta.

Kunya dai na sha ji a rayuwa, amma wannan tsoro ne ya haɗu da ita. Ina tsaye a gaban baƙi da dabbar da na raka mai ita nema, kuma na ce mata ta maigida ce. Ko ni aka ba wa labarin, ɓarauniya zan ce. Na juya wajen maigidana na ce, "Malam, ina zakarana?"

Ya ci gaba da goge wuƙa. "Wanne? Wanda munka ci da Kawu? Kina Bakura yaz zo daga Faru, ai ba ni barin shi ya koma hakanan. Ke ma kin sha romon da kinka dawo."

Na sha kuwa. Har na yaba.

"Da nig ga kin rufe wani," in ji shi, "na aza sabo kinka saye."

Ban iya kallon Maman Rifkatu ba. Na fara rantse-rantse, ta ɗaga mini hannu. Ta ɗaga zakaran sama tana gwada nauyinsa, ta daɗe tana gwadawa, sannan ta ce, "Da ya ɓata bai kai rabin haka ba. Maman Nana, in dai haka satarki take, baɗi akuya zan sako miki."

Nan matan suka kwashe da dariya, har dattijuwar ta ajiye matsami ta share hawaye. Da zan fita Maman Rifkatu ta rako ni bakin ƙofa, ta riƙe hannuna, ta ce, "Ki saki ranki, na san ki." Sai da na shiga ɗakina na yi kukana. Washegari kular da ta aiko mana cinya biyu ne a sama.

Abin da na koya shi ne, kyautar da za ka kai gidan mutane kada ta zama mai tafiya da ƙafarta. Yanzu man gyaɗa nake kai mata, ranar jajibere nake saye da tsadarsa, daga shago kai tsaye sai gidanta, a gaban shaidu. Amma har yau duk wadda kazarta ta ɓata a layinmu, gidana take fara yin sallama. Sai ta ce ba zargi ba ne, in ɗan duba mata akurki dai.

Kuma ina dubawa.