Waƙar da Na Tsinta a Bayan Danga

Matso kusa ka ji, maganar nan ba ta ɗaga murya ba ce.

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da muka taso daga Salaga muka sauka Zangon Kumasi ba, lokacin jirgin ƙasa bai daɗe da fara shigowa garin ba. Maigidana fataucin goro yake yi, ni kuwa ina gida da goyona, Ladi, yarinya mai kuka kamar aiko ta aka yi. Ban san ko kalma ɗaya ta Tonanci ba, yaren 'yan ƙasa, amma Allah Ya ba ni kunne. In na ji waƙa sau ɗaya, ta zauna ke nan.

A bayan dangarmu akwai wata Batoniya, Mame Akosuwa, mai sayar da itace. Kullum da hantsi in tana faskare sai in ji tana rera wata waƙa a hankali, tana maimaita "duwe, duwe". Na ce lalle ta rarrashin yara ce (me kuma za a rera da sanyin murya haka?). Na ɗauke ta tsaf, na gwada wa Ladi. Kafin in kai ƙarshe ta yi barci.

Ba Ladi kaɗai ba. Maigida, wanda waƙoƙin renona ke sa shi ficewa zaure, ya ce, "Ke, wannan kam ta manya da yara ce. Ƙara." Har na kama shi yana gunguninta yana yayyafa wa huhun goro ruwa. Kaina ya kumbura.

Ana nan sai ƙanwarsa Hajara ta haihu, bayan ta binne 'ya'ya biyu a jere. Ranar suna gida ya cika da mata, jariri ya dinga tsala kuka, uwar duk ta firgita. Na ratsa mutane na ce, "Ku miƙo shi nan, ni ke da maganinsa." (Ba wanda ya kira ni, wallahi.) Na rungume shi, na saki murya.

Yaro ya yi shiru, barci ya kwashe shi. Gidan ma ya yi shiru, amma ba irin wanda nake jira ba.

Gwaggo Mairo, tsohuwar da ta girma cikin Tonawa, ta ce, "Ke 'yar Salaga, kin san abin da bakinki ke faɗi?"

"Waƙar barci ce, Gwaggo."

"Barcin da ba a tashi. Duwe gaisuwar mutuwa ce. Kukan gawa kike yi wa ɗan suna."

Hajara ta fizge ɗanta tana salati. Ni kuwa na tsaya da hannuwa a buɗe, na rasa inda zan sa su.

Ashe Mame Akosuwa na bakin ƙofa, ta kawo damin itace gudummawa. Ta sauke, ta matso, hawaye na zuba. Da 'yar Hausarta ta ce, "Nawa ne waƙa. Yaro na ya mutu, ni na yi masa." Ta taɓa ƙafar jaririn. "Nawa bai ji ba. Wannan ya ji. Zai tashi."

Ta zauna a gefen Hajara, ta ƙi tafiya. Ba wanda ya taɓa tuwo. Da yaron ya farka ya callara ƙara, ni mai maganin kuka na fi kowa hamdala.

Yaron ya rayu, yau har da furfura a gemunsa. Amma sai da ya fara rarrafe Hajara ta sake yarda na ɗauke shi, shi ma da sharaɗin in rufe bakina. Tun ranar, duk abin da kunnena ya tsinto sai na kai wa Gwaggo Mairo ta duba kafin ya kai baki.

Kai fa, waƙar da mahaifiyarka ta rarrashe ka da ita, ka taɓa tambayar wa aka fara rera wa?