Hotona a Shafin Mama Tabitha

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da fuskata ta cika bangon coci, baki a ture, a gaban matan zumunta.

Lokacin ina koyarwa a wata 'yar cibiyar kwamfuta a Kafanchan. Aikina in nuna wa masu sana'a yadda za su gina shafin intanet na baje aikin hannunsu: tela ta sa ɗinkinta, mai kek ta sa kek ɗinta. Ogana yana da doka, makon farko ba a taɓa kwamfuta. Kowa ya zana shafinsa a littafi: me zai zo a sama, wane hoto zai bi wane. Ni dokar nan haushi take ba ni. (Na gama sakandare ne don in rabu da fensir.)

Cikin ɗalibaina akwai Mama Tabitha, tela daga Gwantu, sa'ar uwata. Matan zumuntar yankinsu za su zaɓi wadda za ta ɗinka musu ankon babban taro, ita kuwa ta ƙwallafa rai. Tana da kirki, har riga ta ɗinka min kyauta. Amma akwai nawa! Mako biyu tana zane tana gogewa.

"Mama, hotunan fa?"

"Yarinya na, bari na gama tsari tukuna. Kin taɓa gani na sa almakashi a yadi ban yi awo ba?"

Haƙurina ya ƙare. Na janye kwamfutar na haɗa mata shafin cikin awa ɗaya. A saman shafin na cusa hotona don ya riƙe wuri, har da rubutu a ƙasa: "Nan aikin Mama zai zauna, in ta gama zane kafin Yesu ya dawo." Na ce zan cire in ta kawo nata hotunan. Ta kawo, na zuba su a ciki, na manta da na saman. (Da na rubuta da na tuna, amma ai ni na fi ƙarfin littafi.)

Ranar zaɓe na raka ta Gwantu da majigin cibiya. Teloli uku sun nuna nasu a waya, mu kuwa a bango za mu haska. Ina taƙama na danna.

Sai ga ni. Kai a karkace, baki kamar na agwagwa.

Shugabar zumunta ta gyara tabarau ta karanta rubutun da ƙarfi, kalma bayan kalma, kamar karatun Littafi. Coci ya ɗauki dariya. Wata ta ce, "Kai, yaran yanzu!" Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na san na kashe wa Mama aikinta. Na kai hannu zan rufe.

"Tsaya," in ji Shugaba. "Bar bakin, wuyan rigan nan nake kallo. Wa ya ɗinka?"

Mama Tabitha ta miƙe a hankali. "Ni ne, Mama. Mara kunyan nan na yi wa."

Ta buɗe littafin da na raina ta fara ba ni umarni: "Nuna na mawaƙa. Yanzu na amarya. Yanzu na masu jiki." Ashe ta tsara su ne yadda kowace mace a wurin za ta ga irin jikinta. Kafin mu kai na ƙarshe an fara guɗa. Ita aka ba wa aikin!

A mota na ba ta haƙuri, na ce yau ɗin nan zan goge.

"Goge rubutun," ta ce. "Hoton kam ya zauna, shi ya kawo kasuwa."

Har yau bakina a ture yake a saman shafinta. Yanzu duk ɗalibin da ya taɓa kwamfuta a makon farko, ni ce nake fara buge masa hannu. Kuma na koyi cewa in har zan yi wa babba rashin kunya, to in yi a takarda, da fensir.