Muryar da Ta Amsa wa Akuyata

Ko tsufa ya cinye mini tunani, ba zan taɓa mantawa da wata azahar a ajinmu na firamare ba, a wani ƙauye kusa da Yargalma. Shekaru kaɗan ke nan bayan gubar dalma ta bi ta gidajenmu. Yaran da ta ɗauka, Allah Ya sa masu ceto ne. Cikin waɗanda ta bari, wani ba ya ji sosai, wani ba ya riƙe karatu. A ajina akwai Hassatu, wadda tun da ta tashi daga ciwon ba wanda ya sake jin muryarta. Na daɗe ina roƙon Allah Ya buɗe bakinta. Kakarta, Inna Dije, ta riga ta gaya mini: "Malam, in anka yi hutu ta zamna gida. Mi taka yi nan ban da kallon bango?"

Ana haka wata ƙungiya ta kai mu horo a wata ƙasa ta gabashin Afirka, kan koyar da irin waɗannan yara tare da sauran, ta hanyar wasa. (Masu horon sun fi kallon hannuna fiye da fuskata, ganin ina rubutu da ajami daga dama.) Sun nuna mana wasan yashi, na ce a raina ban da garinmu, inda ƙasa ce ta yi ɓarnar. Sai na riƙe dabara ɗaya: a sa safa a hannu, a ɗinka mata idanu da maɓalli, malami ya sirantar da murya ta yi magana da yara. Ban yarda da mai siffar mutum ba, na yi tawa akuya.

Da na dawo, kunya ta hana ni gwadawa a gaban yara. Dattijo da gemu, yana kukan akuya? Na bari sai da aka tashi, makaranta ta yi tsit, rana ta take. Ajin nan yana kallon tsohuwar tsamiya, bayanta kuma maƙabartar da ta faɗaɗa a shekarar gubar, ƙananan kaburbura jere. Ko tsuntsu ba ya motsi. Na zura hannu a safa, na juya ta wajen bencina marasa kowa, na ce da siririyar murya, "Salamu alaikum. Wa ke nan?"

"Ni ta."

Murya ce ƙarama, a dishe, kamar daga ƙarƙashin ƙasa. Na duba bakin akuyar. Na duba taga. Na ce wa kaina kunnena ne. Idanun maɓallin nan kuwa suka tsaya a kaina, sai na ga kamar ba ni na ɗinka su ba.

Muryar ta sake cewa, a hankali, "Akuya, kin sha ruwa?"

Ni da nake karanta wa mutane Ayatul Kursiyyu in sun firgita, na buɗe baki sai addu'ar hawa mota ta fito. Na yar da safar, na bar ƙofa a buɗe na nufi taga (har yau ban san dalili ba). Ƙusa ta kama mini riga ta baya, na tabbata hannu ne. Na fizge, rigar ta tsage, na faɗa waje da ruf da ciki, daidai ƙafafun mutanen da ke dawowa daga masallaci. A gaba akwai liman, wanda ya koya mini riƙon alƙalami.

Ya dube ni a natse. "Malam, lahiya? Ko cikin karatun wajen ne wanga?"

Na nuna aji, na ce akwai mai magana a ciki. Aka yi cirko-cirko, liman ya fara karatu. Sai ga Hassatu ta fito, ƙura a goshinta, akuyar a hannunta. Ashe barci ya kwashe ta a bayan tulin karyayyun bencina. Inna Dije, da ta zo nemanta, ta kutsa cikin maza ta durƙusa. Yarinyar ba ta dube ta ba, ta ce wa safar, "Ga Inna."

Tsohuwar ta yi kuka har ta gaji, sannan ta share ido ta dube ni. "Kai ko, ɗiya ta yi magana ka bi ta taga? Gobe ka taho da abar, ina kawo ta."

Hassatu ba ta zauna gida ba. Ta daɗe ba ta yi wa kowa magana sai akuyar, don haka na shekara ina koyar da baƙaƙe da muryar akuya. A kasuwar Bukkuyum har yanzu 'yan acaɓa in sun gan ni sai su tambayi lafiyar taga.

Abin da na koya shi ne, in ka daɗe kana roƙon Allah abu, ka daure ka tsaya a wurin. Ba kyau amsa ta iso ta tarar da ƙafafunka a sama.