Aiken Inna Zuwa Gonar Murjani

Ba zan taɓa mantawa da ranar da Inna ta aike ni ƙarƙashin teku ba, kuma ko na so in manta, mutanen kasuwar Bukkuyum ba za su bar ni ba.

Ni ma'aunin hatsi ne. Karatuna a firamare ya tsaya, amma wajen wasiwasi na isa a kira ni shehu. In na kulle shago sai na kai bakin tasha in dawo in sake jan kwaɗon. In na yi alwala sai in tsaya ina tambayar kaina ko na wanke gwiwar hannun hagu. Mahaifina, Allah Ya ji ƙansa, shi ya ƙara mini da nasa horon. Kullum zai buɗe rumbu sai ya ce, "Rumbu ba ya gaya maka ranar da zai ƙare." Da wannan magana na tashi. Ko fitilar waya na kunna, sai na ji kamar ina ɓarnar dukiyar marayu.

To, Inna, wadda ta haife ni, tana da wani murjani da ta gada wurin mahaifiyarta, ja wur, wanda ba ta sa shi sai ranar suna ko biki. Tun ina yaro take gardama a kansa da ƙanwarta, Yafendo Hajo, wadda ke aure a Gummi. Dukansu sun yarda daga teku yake fitowa, tunda malamai sun karanta haka. Inda suka rabu shi ne, Inna ta ce itace ne da ke tsirowa a ƙarƙashin ruwa, Yafendo ta ce dutse ne kawai. Sun aurar da 'ya'ya, sun ga jikoki, haƙora sun zube, gardamar tana nan da ƙuruciyarta.

Shekarar da Allah Ya nufe ni da zuwa Umra, na je sallama, sai Inna ta kama gefen rigata.

"Attahiru na can Jidda, an ce aikinshi shiga ruwa da baƙi. Ka ce ya kai ka gonar murjani. Ka gano mini da idonka, ba da kunnenka ba."

"Inna, ni da ko gulbi ya kawo sai na jira ya janye?"

"Shi ya sa nike aiken ka. Kai tsoron ƙarya kake kamar tsoron maciji. Abin da kac ce, Hajo ba ta musu." Ta ɗan rage murya. "In ka gamu da masu wurin, ka gaishe su da ladabi. Ruwa da masu shi."

Na ce mata wannan camfi ne, ba ya da asali. Ta ce gaisuwa dai ba ta taɓa kashe kowa ba.

Sai in gaya muku wane ne Attahiru, don nan gizo ke saƙar. Ɗan kawuna ne, wato taubashina, kuma bai taɓa kirana da sunana ba, sai dai "bawana". Muna yara ya ba ni ruwan maɗaci ya ce zumar Kudu ce. Da muka girma ya taɓa tura ni ta'aziyya har Anka, na sha ƙurar hanya a kan babur, na iske mamacin zaune a ƙofar gida yana dama fura. (Har ya ce in zo mu sha. Na sha, don ban san abin da zan ce ya kawo ni ba.) Tun daga ranar na kafa wa kaina doka: duk abin da Attahiru ya ce in yi, kishiyarsa ce gaskiya.

Da na gama ibada na sauko Jidda, saura kwana kaɗan jirginmu na komawa gida ya tashi. Attahiru ya ce fita ɗaya kawai zai iya samar mini a jirgin ruwan da yake aiki, in ta wuce shi ke nan. Ga ni da saƙon Inna a wuya. In na koma ban gani ba, ba zan iya ce mata na gani ba, kuma ban san da wane ido zan dube ta ba.

Muka shiga jirgin da hantsi. Akwai Larabawa 'yan yawon buɗe ido, da wata tsohuwar Baturiya wadda na tabbata sa'ar Inna ce. Aka ba ni wata baƙar rigar roba mai kama jiki. Na tsaya ina jayayya da ita kan batun al'aura har sai da aka yarda na ɗora dogon wandona a sama. Aka ɗaura mini ɗamara mai nauyin dalma, aka sa mini takalma irin ƙafar agwagwa, da gilashin da ya rufe ido da hanci. Sannan aka goya mini tukunyar iska, mai bututu da robar da mutum zai ciza ya riƙa shaƙa ta baki. A jikinta akwai wani ɗan agogo, wanda allurarsa ke sauka in iska na raguwa.

Agogon nan shi ya tayar mini da hankali.

"Attahiru, iskar nan kamar tiya nawa ce?"

"Bawana, ba a auna ta da tiya. Ta ishe ka har ka gaji."

"In ta ƙare hwa?"

"Ba ta ƙarewa ina kusa da kai. Saurara, doka guda ce a aikin ga. Ka shaƙa yadda kake so, ka hitar yadda kake so. Kada ka kuskura ka riƙe numfashi."

Ya faɗa yana murmushi. Murmushin nan kuwa na san shi, shi ne na ranar maɗaci. Na ce a raina, wato so yake in zuƙe iskata tun a farkon hanya, in koma ina roƙonsa da hannu a ƙarƙashin ruwa, ya samu labarin da zai ba mutanen gida. Allah Ya tsare. Ni da aka hore ni da rumbu? Na yanke shawara zan riƙa shaƙa sau ɗaya in cika ƙirji, in riƙe, sai in ta kai maƙura in saki kaɗan. Tsimi dai, kamar na hatsin bazara.

Muka faɗa ruwa kusa da jirgi, wuri marar zurfi sosai. Tsohuwar Baturiya ta ɗaga mana hannu ta lume a hankali kamar an jefa allura. Larabawa suka bi ta. Ni kuwa na cika ƙirji fam, na kumbura kumatu, na jira in nutse.

Ban nutse ba.

Ashe ƙirjin da ke cike da iska ba ya yarda ya sauka. Attahiru ya kamo ɗamarata ya ja ni ƙasa kaɗan, yana nuna mini bakinsa, kumfa na fita gulu-gulu. Na kalli kumfar nan tana tashi a banza, na ji zafin asarar har cikin raina. Yana sakina, na taso sama kamar gorar masunta. Ya sake ja, na sake tasowa. Sai na ce bari in taimaki kaina, na dulmiya kai ƙasa ina harba ƙafafu. Kai ya shiga, amma sauran jiki ya ƙi bin sa. Abin da waɗanda suka rage a jirgi suke gani, kamar yadda aka ba ni labari daga baya, shi ne mazaunan wani bawan Allah cikin wando ruwan ƙasa, suna lilo a kan teku, da ƙafafun agwagwa biyu suna dukan iska.

Ina cikin wannan hali, ido ya fara yin duhu don riƙon numfashi, sai na hango wani abu yana tasowa daga ƙasa, ya nufo ni. Faɗinsa ya kai faifan da ake rufe babbar ƙwarya, har ya fi. Ba ya sauri. Yana da hannuwa yana kaɗa su a hankali kamar mai babbar riga. Na ɗago kai da ƙarfi na fito sarari, na tofar da robar bakina. Kafin in gama tari, sai ga kai ya ɓullo dab da fuskata. Kai ne irin na dattijo, da sanƙo, da idanu masu nauyi, da wuya duk tamoji. Ya dube ni. Ya buɗe hanci ya yi wani dogon huci, fuuu.

Duk karatun tauhidin da na yi a makarantar allo ya tafi yawo ya bar ni. Maganar Inna kaɗai ta rage. Na ɗaga dunƙulallen hannu sama, na ce da iyakar muryata:

"Ranka ya daɗe, mun same ku lahiya? Baƙo ne ni. Inna ta aiko ni."

Dattijon ya ƙifta ido, ya juya, ya koma ƙasa abinsa. A lokacin na ga ƙoƙon bayansa. Kunkurun teku ne, ya hau shan iska.

Da a ce ba wanda ya ji Hausa a wurin, da na tsira. Amma Attahiru ya riga ya taso a bayana, ya ji komai. Dariya ta sa ya sha ruwan gishiri, ya ƙware, bai fasa ba. Direban jirgi ya leƙo yana tambayar me ya faru, Attahiru ya fassara masa da Larabci kalma bayan kalma, har da ɗaga hannun. Jirgi ya ɗauka da dariya. Wani ma ya riƙe ƙarfen jirgin ya durƙusa. Ni kuwa ina reto a ruwa, kunya ta ishe ni, ga kuma sabuwar damuwa: shin abin da na yi ya taɓa imanina? Na yi ta istigfari ina haɗiyar gishiri.

Na ce a fitar da ni, na haƙura.

Sai Attahiru ya daina dariya. Ya matso ya riƙe kafaɗata, ya kira ni da abin da bai taɓa kirana da shi ba.

"Ɗan'uwa, wallahi yau ba wasa nike ba. Riƙe numfashi shi ka kashe mutum a aikin ga, da mun yi zurhi da ka ji wa huhunka ciwo. Iskar da ka rage, ba mai auna ta ya mayar maka, injin iska ka cika ta in mun koma. Wancan tsohon da ka gaisar, shi dole ya hau sama ya nema. Kai ga rumbu goye a bayanka, kana kashe kanka da yunwa." Ya miƙo mini robar. "Mi za ka ce ma Inna?"

Wannan tambayar ce ta mayar da robar bakina. Na rufe ido, na yi bisimilla, na saki iska gaba ɗaya kamar mai rabon zakka. Kumfa ta tashi. Sai na ji ina sauka a hankali, ba wanda ya ja ni.

Abin da na gani a ƙasa, har yau in na rufe ido yana nan. Gona ce, wallahi, sai dai ba kunyar noma ba kuyya. Wani murjanin ya yi rassa kamar ƙahon barewa, wani ya baje kamar faranti, wani ya dunƙule kamar curin fura. Akwai ruwan ɗorawa, akwai shuɗi, akwai mai jan baki. Ƙananan kifaye masu launin lemu sun taru a kansa kamar jan-baki a gonar gero, in ka matso su shige, in ka ja baya su fito. Wani kifi mai baki irin na aku yana gatsar murjanin, har ina jin ƙarar, ƙurus-ƙurus, kamar akuya ta samu ƙanzo. Can gefe na hango dattijona yana kiwo, bai ko ɗago ya dube ni ba. Attahiru ya hana ni taɓa komai, na kuwa ji daɗi, don dama ina tunanin ko akwai mai shi. Da muka hau na tambaye shi, itace ne ko dutse. Ya ce ko ɗaya, wasu 'yan mitsi-mitsin halittu ne masu rai suke gina shi su zauna a ciki. Wannan karon na yarda da shi.

Labari ya riga ni isa gida, don waya ta fi jirgi sauri. Ina sauka a tasha wani ɗan acaɓa ya ɗaga mini hannu ya ce, "Ranka ya daɗe, Inna ta aiko ka?" A gida na tarar Yafendo ta zo takanas daga Gummi. Suka zaunar da ni a tabarma kamar gaban alƙali. Na faɗi abin da na gani ba ƙari ba ragi: yana da rassa kamar itace, kifi na gatsarsa yana ƙara kamar dutse, ban ga ja wur irin na Inna ba, ban kuma ga mai hujin zura zare ba. Sannan na ce Attahiru ya ce halitta ce mai rai.

Suka dubi juna. Tunda nake ban taɓa ganin bakinsu ya zo ɗaya ba sai ranar.

"Attahiru yac ce maka?" in ji Yafendo. "Kuma ka yarda? Yaron ga ba ya hankali da duniya."

"Wai dabba nike ratayawa a wuya tun ina amarya," in ji Inna. "Ya sake ba ka maɗaci."

Da Yafendo ta tashi alwala, Inna ta jawo ni kusa.

"Rassan nan, da idonka ka gan su?"

"Da idona, Inna."

"To itace ne." Ta gyara ɗaurin kallabi, ta kishingiɗa. "Shi kuma mai wurin, ya amsa gaisuwar?"

Na ce bai amsa ba. Ta ce manya dama ba su cika amsawa ba, amma ai ga shi ya bar ni na shiga.

Abin da na koya shi ne, ba kowane abu ake tsimi ba, wani abin sai ka sake shi kake isa inda aka aike ka. Na kuma koyi cewa taubashi yakan faɗi gaskiya sau ɗaya a rayuwa, kuma ba ya sanar da kai ranar. Kwaɗon shago dai har gobe ina komawa in ja shi. Sai dai yanzu, a hanyar komawar, ina numfashi yadda nake so.